Ma'anar "burnout": gajiyar da barci ba ya warkarwa a ɗakin jinyar yara

A Turanci, "burnout" na nufin wutar da ta ci itacenta ta cinye har ta mutu. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Herbert Freudenberger, shi ya fito da kalmar a fagen aiki a 1974, bayan ya lura da masu aikin sa kai a wani asibitin kyauta a New York: suna zuwa da zafin nama, kafin a jima sai su koma kamar an zare musu laka.

Wannan ba gajiyar da barcin dare ɗaya ke wankewa ba ce. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matsala ce da ke tasowa daga matsin wurin aiki da ya daɗe ba a magance shi ba, amma ba ta ɗauke ta a matsayin cuta ba. Alamunta uku ne: ƙarewar kuzari, fitar aikin daga rai, da raguwar ƙwazo.

Ta biyun ce ta fi ba ni tsoro. Nas ɗin da a da take kiran yaro da sunansa, har ta tsaya ta yi masa wasa, sai ta koma cewa "gado na shida". Ba mugunta ba ce, zuciyar ce ta rufe ƙofa don ta tsira.

To a ɗakin yara, lura ita ce jarin aikin. Maganin yaro sai an auna nauyinsa, a lissafa miligiram nawa ga kowane kilo. Ɗigo ɗaya ya goce a takarda, 0.5 ya zama 5, an ninka maganin sau goma ke nan. Jariri kuma ba zai buɗe baki ya ce numfashi na yi masa wuya ba; sai idon da bai gaji ba ne zai ga haƙarƙarinsa na lotsawa, ko ya daina kama nono. Ga iyaye a tsaye, hankali a tashe, kowa na jiran amsa.

Sau da yawa tushen abin ƙarancin ma'aikata ne. Binciken da masaniyar aikin jinya Linda Aiken ta jagoranta a asibitoci 168 na jihar Pennsylvania, wanda aka wallafa a 2002, ya gano cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas, haɗarin ta faɗa wannan hali na ƙaruwa da kashi 23 cikin 100, na mutuwar majinyaci cikin kwana 30 kuma da kashi 7. Manya ne waɗancan majinyatan, masu bakin faɗin inda ke musu ciwo.