Kalmomin Turanci da takwarorinsu a harshen Danish

Turanci da Danish harsuna ne masu kaka ɗaya. Dukansu 'yan dangin da masana harshe ke kira Jamanik ne, sai dai Turanci yana reshen yamma tare da Jamusanci da harshen Holan, Danish kuma yana reshen arewa tare da harsunan Swidin, Norway da Iceland. Masu magana da Danish sun kai kimanin miliyan 6, mafi yawansu a ƙasar Danmak, wasu kuma a Greenland, tsibiran Faroe da arewacin Jamus. Duk wanda ya iya Turanci, idan ya buɗe jaridar Danmak, zai riƙa cin karo da kalmomin da ya san fuskarsu. Wannan kamanni ya zo ta hanyoyi uku: gadon da suka ci tare tun asali, aron da Turanci ya yi a zamanin mayaƙan Viking, da aron da Danish ke yi daga Turanci a yau. Sanin hanyar da kalma ta biyo shi ke nuna wa mai koyo inda zai amince da kamannin da inda zai yi hattara.

Kalmomin gado

A ƙarni na 5 ƙabilu uku, Angles da Saxons da Jutes, suka ƙetara teku suka sauka a Biritaniya. Jutes ana danganta su da Jutland, babban yankin Danmak na yau, Angles kuma sun fito daga Angeln, kudu kaɗan da iyakar Danmak da Jamus ta yanzu, kuma daga sunansu aka samo sunan Ingila. Ke nan tun kafin a ce ga Turanci, kakanninsa maƙwabtan mutanen Danmak ne.

Shi ya sa kalmomin cikin gida da na jiki suka fi kowane iri kama. Gida *house* ne a Turanci, *hus* a Danish. Hannu *hand* da *hånd*, yatsa *finger* a duka biyun, ƙofa *door* da *dør*, madara *milk* da *mælk*, burodi *bread* da *brød*, gishiri *salt* a duka biyun, yini *day* da *dag*, dare *night* da *nat*. Haka aikatau na yau da kullum: zuwa *come* da *komme*, sha *drink* da *drikke*, gani *see* da *se*, ji *hear* da *høre*.

Bambancin da ake gani tsakaninsu yana da ƙa'ida, kuma wanda ya riƙe ƙa'idar ya sami mabuɗin ɗaruruwan kalmomi. Inda Turanci ke da *sh*, Danish yakan riƙe tsohon *sk*: kifi *fish* da *fisk*, takalmi *shoe* da *sko*, jirgin ruwa *ship* da *skib*. Harsunan arewa sun zubar da *w* a farkon wasu kalmomi, sai *word* ta zama *ord*, *wool* ta zama *uld*, *worm* ta zama *orm*. Haka *y* ta faɗi a *år* da *ung*, takwarorin *year* da *young*. Sautin *th* ya koma *t* ko *d*: *thing* da *ting*, *three* da *tre*, *that* da *det*. Sannan Danish ya tausasa *p*, *t* da *k* idan sun biyo bayan wasali, shi ya sa *book* ta zama *bog*, *foot* ta zama *fod*, *out* ta zama *ud*. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara nuna cewa irin waɗannan canje-canje suna bin tsari ɗan Danmak ne, Rasmus Rask, a binciken da ya wallafa a 1818.

Abin da Viking suka bari a Ingila

A 793 mayaƙan teku daga arewa, wato Viking, suka afka wa gidan ibadar Kirista na Lindisfarne. A 865 babbar runduna ta sauka a gabashin Ingila, ta ci birnin York a 866. Bayan Sarki Alfred ya yi galaba a kan shugabansu Guthrum a Edington a 878, sai aka raba ƙasar: arewa da gabas suka koma ƙarƙashin dokar mutanen Danmak, yankin da daga baya aka sani da Danelaw. Daga 1016 zuwa 1035 ma Sarki Knud na Danmak ne ya mulki Ingila gaba ɗaya. Baƙin sun zauna, sun yi noma, sun yi auratayya da 'yan ƙasa, kuma tun da harsunan biyu na da kusanci, kalmomi suka riƙa ƙetarawa a kasuwa da cikin gida.

Abin lura shi ne irin kalmomin da suka ƙetara. Harshe yakan ari sunan sabon abu, amma da wuya ya ari wakilin suna. Turanci kuwa ya ari *they*, *them* da *their*, waɗanda a Danish na yau su ne *de*, *dem* da *deres*. Sun fara kafuwa a arewa, suka gangaro kudu sannu a hankali. A ƙarshen ƙarni na 14 mutanen Landan na cewa *they* amma suna riƙe da tsohuwar *hem* a maimakon *them*. Aron da ya kai wannan zurfin shaida ce ta zaman tare na gaske, irin na miji da mata da 'ya'ya masu jin harshe biyu.

Wuƙa *knife* takwarar *kniv* ce, doka *law* ta *lov*, ɗauka *take* ta *tage*, kira *call* ta *kalde*, mutuwa *die* ta *dø*, saiwa *root* ta *rod*, fiffike *wing* ta *vinge*. Taga, wato *window*, ta fito daga tsohuwar kalmar arewa *vindauga*, ma'anarta idon iska, domin tagar wancan zamani kafa ce da iska ke shiga hayaƙi ke fita. A Danish ta zama *vindue*. Wani lokaci Turanci ya riƙe tasa ya kuma karɓi ta baƙi, sai ya raba musu aiki: *shirt* ta gida ce, *skirt* ta aro, asalinsu ɗaya, yau ɗaya riga ce ɗaya siket. A Danish *skjorte* riga ce.

Labarin ƙwai ya nuna yadda takarar ta kasance. William Caxton, wanda ya kawo injin ɗab'i Ingila, ya rubuta a 1490 cewa wasu fatake sun sauka a bakin kogin Thames, ɗayansu ya tambayi wata mata *egges*, ta ce ita ba ta jin Faransanci. Sai da wani ya ce *eyren*, tsohuwar kalmar kudu, sannan ta gane. *Egg* ta arewa ce ta yi nasara, 'yar'uwar *æg* ta Danish.

Taswirar Ingila ma na ɗauke da wannan tarihi. *By* a Danish gari ne, shi ne ƙarshen sunayen Derby, Grimsby da Whitby. Titunan York irin su Coppergate da Micklegate ba ƙofofi ake nufi ba, *gate* ɗin nan ita ce *gade*, wato titi.

Kama da wane ba wane ba

Nan ne mai koyo ke yawan tuntuɓe. Akwai kalmomin da asalinsu ɗaya amma kowace ta bi hanyarta. *Sky* a Turanci sararin sama ne, a Danish gajimare, kuma Danish ne ya riƙe ma'anar farko. Sama a wurinsu *himmel* ce. *Mad* a Danish abinci ne kowane iri, 'yar'uwarta *meat* ta taƙaita ga nama, wanda su suke kira *kød*. Haka *dyr* kowace dabba ce, *deer* kuwa nau'in barewa kaɗai. *Hund* kowane kare, *hound* karen farauta. *Fugl* kowane tsuntsu, *fowl* galibi na kiwo. A duk waɗannan Turanci ne ya ƙuntata ma'ana.

*Time* a Danish awa ɗaya ce, lokaci kuma *tid*, takwarar *tide*, wadda a Turanci ta koma nufin cikowa da janyewar teku. *Sø* tafki ne duk da kamarta da *sea*, teku kuma *hav*. *Stol* kujera ce, ba *stool* ba, *bord* tebur, ba *board* ba. *Anger* a Turanci fushi ne, a Danish nadama. *Kind* kunci ne, kuma danginta a Turanci *chin* ce, wadda ke nufin haɓa. *Læg*, takwarar *leg*, sha-raɓa ce kawai, ƙafa gaba ɗaya *ben* ce, 'yar'uwar *bone*. Wadda ta fi shahara ita ce *gift*: kyauta a Turanci, amma a Danish tana nufin guba, tana kuma nufin mai aure. Dukansu daga tushen bayarwa suka fito. Kyauta a wurinsu *gave* ce.

Wasu kuwa haɗuwar rubutu ce kawai, babu dangantaka: a Danish *and* agwagwa ce, *men* na nufin amma, *dog* na nufin duk da haka, *barn* yaro ne, *tag* rufin ɗaki. Sai kuma kalmomin da duka biyun suka aro daga Faransanci ko Latin amma suka sha bamban: a Danish *chef* shugaban ma'aikata ne, *aktuel* abin da ke faruwa yanzu, *eventuelt* na nufin mai yiwuwa, *gymnasium* kuma babbar sakandare.

Inda suka rabu

Bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, Turanci ya cika da kalmomin Faransanci da Latin, musamman na mulki, shari'a da ilimi. Danish kuwa daga Jamusancin arewa ya sha, ta hannun fataken ƙungiyar ciniki ta Hansa da suka mamaye cinikin tekun Baltik. Don haka da zarar an bar kicin an shiga ofis, sai kamannin ya ragu: biya *pay* ne da *betale*, gwamnati *government* da *regering*. Danish kuma ya fi son ƙera kalma daga kayan gida. Likitan haƙori, *dentist*, shi ne *tandlæge*, haƙori da likita a haɗe. Ƙamus, *dictionary*, shi ne *ordbog*, littafin kalmomi. Asibiti ana ce masa *hospital*, ana kuma ce masa *sygehus*, gidan marasa lafiya.

Kalmomin da ba su da takwara

Turanci na da *uncle* da *aunt* kawai, Danish kuwa ya rarrabe kamar yadda Hausa ta rarrabe: *morbror* kawu ne, *farbror* baffa, *faster* goggo, *moster* inna. Ya ma zarce Hausa a wajen kakanni, domin kowanne da sunansa: *mormor* uwar uwa, *morfar* uban uwa, *farmor* uwar uba, *farfar* uban uba.

A ɗaya ɓangaren, Danish ba shi da kalma ɗaya da ta yi daidai da *please*. Ladabin roƙo yana cikin yadda aka gina jimlar, da ƙananan kalmomi irin su *gerne* da *lige*, da kuma *tak*, wato godiya, wadda ke aiki ba hutu. Wanda ya ci abinci a gidan wani zai ce *tak for mad*, godiya da abinci, mai gida ya amsa da *velbekomme*. Idan aka sake haɗuwa bayan wani zama sai a ce *tak for sidst*, godiya da haɗuwar baya. *Hygge* kuwa, jin daɗin zama cikin ɗumi da natsuwa da waɗanda ake so, Turanci bai samo mata madadi ba, sai ya are ta ɗungurungum. Ta shiga babban ƙamus na Oxford a 2017.

Ƙidaya na da tarkonta. Daga ɗaya zuwa ashirin kamannin a fili yake, amma 21 ita ce *enogtyve*, ɗaya da ashirin, kuma daga hamsin zuwa casa'in da ashirin-ashirin ake lissafi. *Tres*, 60, guntun "uku sau ashirin" ne, *firs*, 80, "huɗu sau ashirin". *Halvtreds*, 50, na nufin biyu da rabi sau ashirin, domin "rabin na uku" a tsohon lissafinsu biyu da rabi ne. Wannan tunanin yana nan a agogo: *halv tre* ƙarfe biyu da rabi ne, alhali Baturen Ingila idan ya ce *half three* uku da rabi yake nufi. Awa guda cur ke tsakani, ta isa mutum ya rasa jirgi.

Rubutu, furuci da ƙirar kalma

Takwarar *the* a Danish ɗafi ce a ƙarshen suna, kuma Bahaushe zai gane wannan nan take: *bog* littafi, *bogen* littafin, *hus* gida, *huset* gidan. Sunaye jinsi biyu ne, masu *en* da masu *et*, kuma dole a haddace kowane suna da nasa. Aikatau ya fi na Turanci sauƙi, ba ya canzawa da mai aiki: *jeg er*, *du er*, *han er*, inda Turanci ke da *am*, *are* da *is*.

Haruffan Danish 29 ne, *æ*, *ø* da *å* ne na ƙarshe. Gyaran rubutu na 1948 ne ya kawo *å* a madadin *aa*. Wahalar gaske tana wajen furuci, domin kamannin da ido ke gani kunne ba ya jinsa. Ana haɗiye ƙarshen kalmomi, *d* bayan wasali takan yi laushi sosai, sannan akwai *stød*, 'yar maƙurewar murya mai ɗan kama da hamzar da ke cikin "sa'a". Ita ce ke raba *hun*, ita, da *hund*, kare, ko *mor*, uwa, da *mord*, kisan kai.

Aron zamani

Tun bayan 1945 akalar ta juya. Talabijin na Danmak na nuna finafinan Turanci da fassara a rubuce a ƙasan allo, kuma tun 2014 ake fara koyar da Turanci daga aji ɗaya na firamare. Kalmomi irin su *weekend*, *computer* da *job* sun shiga sun ɗauki ɗafin gida, suka zama *weekenden*, *computeren* da *jobbet*. *Check* ta koma *tjekke*. Akwai ma wadda ta je ta dawo: Turanci ya ari *cake* daga harshen Viking, 'yar'uwar *kage*, daga baya Danish ya ari jam'inta *cakes* ya mai da ita *kiks*, wato biskit. Hukumar harshe ta Dansk Sprognævn, wadda aka kafa a 1955, ita ke bibiyar sababbin kalmomi tana tsayar da yadda za a rubuta su a ƙamus na ƙa'idojin rubutu da makarantu da ofisoshin gwamnati ke bi.