Zafin salansar bindiga da rigar da ake sanya mata

Salansar bindiga wani bututun ƙarfe ne da ake ɗaurawa a bakin bindiga domin rage ƙarar harbi da walƙiyar wutar da ke fita tare da harsashi. Rigar salansa kuma mayafi ne mai jure wuta da ake naɗe bututun da shi. Sunan aro ne daga salansar mota da ta babur, kuma aron ya dace, domin mutum ɗaya ne ya yi fice a kan su biyun. Hiram Percy Maxim, injiniya ɗan Amurka, ya sami rajistar mallakar fasahar salansar bindiga a 1909, kamfaninsa kuma ya ƙera na'urorin rage ƙarar injuna bisa wannan dabara. Mahaifinsa, Hiram Stevens Maxim, shi ya ƙirƙiro bindigar nan mai sarrafa kanta wadda dakarun Ingila suka zo da ita Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903. Ita ma waccan bindigar zafi ne babbar matsalarta, shi ya sa aka kewaye bututunta da tankin ruwa.

Inda zafin yake fitowa

In albarushi ya kama a cikin kwanso, iskar da yake haifarwa tana wuce digiri 2,000 a ma'aunin Salshiyas a lokacin ƙunar. A bindigar da ba ta da salansa, wannan iska tana biyo harsashi ta fashe a sarari gaba ɗaya. Fashewar ita ce ƙarar da kunne ke ji, wadda a manyan bindigogi takan kai desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 160 ko fiye. Salansa tana da ƙananan ɗakuna a jere a cikinta, kowane da shingensa. Iskar tana shiga ɗaki bayan ɗaki, tana faɗaɗa, gudunta yana raguwa, ta fita a hankali. Ta haka ake samun ragin desibel 20 zuwa 35. Harbin bai zama shiru ba kamar yadda ake nunawa a finafinai, kuma harsashin da ya fi sauti gudu yana yin tasa ƙarar a hanya wadda salansa ba ta da iko a kanta.

Ƙarfin da aka hana shi zama ƙara bai ɓace ba, ya koma zafi ne a jikin ƙarfen. Don haka yin zafi yana cikin aikin salansa, ba alamar lalacewa ba ce. Harbi kaɗan a jere ya isa ya hana a taɓa ta da hannu, tun da ƙarfe mai digiri 60 kacal yana ƙona fata cikin daƙiƙu. In aka zazzage gidan harsashi guda da sauri, zafin yakan haura digiri 150. In aka ci gaba babu hutu, ƙarfen yakan fara ja, abin da ke faruwa daga wajen digiri 525. Maƙeran Assada a cikin garin Sakkwato sun san wannan matakin da ido: daga launin ƙarfe a wuta suke gane lokacin da ya yi laushin da zai karɓi guduma. Salansar da ta kai wannan launi ita ma ta yi laushi, ga kuma matsin iska yana dukanta daga ciki a kowane harbi.

Ƙarfen da ake ƙera ta da shi

Juriyar salansa ta dogara da ƙarfenta. Alminiyam ba shi da nauyi kuma yana da araha, amma yana narkewa a digiri 660, ƙarfinsa kuwa yana raguwa tun bai kai rabin haka ba, saboda haka a ƙananan bindigogi aka fi amfani da shi. Titaniyam yana da sauƙin ɗauka, maharba na son sa don haka, sai dai ba ya son a wuce da shi digiri 400 da ɗoriya, kuma yakan fitar da tartsatsi. Baƙin ƙarfe mara tsatsa ya fi su haƙuri, ya kuma fi su nauyi. Bindigogin soja masu harbi babu ƙaƙƙautawa ana yi musu da gaurayen nikel irin su Inconel, wanda ke riƙe ƙarfinsa har wajen digiri 700, ko gaurayen kobal mai suna Stellite. Ɗakin farko, wanda ke karɓar wutar kai tsaye, shi ne ke fara cinyewa.

Abin da zafin ke jawowa

Na farko ƙuna ce. Duk wanda ya taɓa hawa bayan ɗan kabu-kabu salansar babur ta lashe masa ƙwauri ya san irin tabon da take bari. Ta bindiga ta fi wannan muni, domin mai ita yakan saki bindigar ta rataya a ƙirjinsa bayan harbi, bakin ya sauka daidai cinya ko gwiwa. Tana narkar da wando na roba ya manne da fata, tana huda jakar bindiga da kujerar mota, tana iya kunna busasshiyar ciyawa in aka ajiye ta ƙasa.

Na biyu, wanda shi ne ya fi sa aka ƙirƙiro rigar zamani, kawalwalniya ce. Matafiyi a hanyar Sakkwato zuwa Illela da tsakar ranar watan Afrilu yakan ga kwalta tana rawa a gabansa kamar an zuba ruwa. Iska mai zafi ba ta kai mai sanyi kauri ba, hasken da ya ratsa tsakaninsu sai ya karkace. Salansa mai zafi tana haifar da irin wannan rawar iska daidai gaban madubin saiti. Madubin kuma yana ninka abin da ya gani sau goma ko ashirin, har da rawar. Abin da ake saiti a kansa sai ya riƙa kaɗawa yana tashi sama, mai harbi ya saita inda abin ba ya nan. Ga masu gasar harbi daga nesa, harbi biyar zuwa goma kan isa hoton ya dagule.

Akwai kuma wasu ƙanana. Ƙarfe yana buɗewa in ya yi zafi, ya tsuke in ya huce, wannan kan sassauta maɗaurin salansa ko ya sa ta cije da baƙin hayaƙi ta ƙi kwancewa. Ga soja, bututu mai zafi yana haskawa fes a na'urar hangen zafi da dare.

Yadda rigar take

Dabarar ta girmi kayan zamani. A Yaƙin Duniya na Biyu, bindigar Sten ta Ingila mai salansa tana da rigar tamfol da ake ɗaurewa da igiya domin soja ya iya riƙe wurin. Daga baya an yi wa salansar bindigar MAC-10 ta Amurka rigar Nomex, wani yadi mai jure wuta, saboda dalili ɗaya.

Rigar yau yawanci hawa biyu ce. Na ciki, mai taɓa ƙarfe, ana saƙa shi da zaren gilashi, ko zaren silika wanda ke jure kusan digiri 1,000, ko zaren da ake samu daga narkakken dutsen basal. Na waje shi ke ɗaukar gogayya da datti. Wasu ana yin sa da nailan mai kauri irin Cordura, wanda ke narkewa a wajen digiri 260. Wasu da Nomex ko Kevlar, zaruruwan kamfanin DuPont na shekarun 1960, waɗanda ba sa narkewa, sai dai su babbake in zafi ya wuce digiri 370 ga Nomex, fiye da 400 ga Kevlar. Akwai kuma rigar robar silikon mai tsagi-tsagi. Wata dabarar dabam ita ce garkuwa mai huji-huji wadda ba ta manne da ƙarfen, tana barin iska ta ratsa, kamar farantin da ake ɗaura wa salansar babur a gefen ƙafar fasinja.

Mai karatu a Sakkwato zai iya tambaya ko jar fatar akuyar da dukawan garin suka shahara da ita ba za ta yi ba. Ba za ta yi ba: fata tana ƙanƙancewa ta bushe ta tsage a zafin da bai kai ko kusa da wannan ba.

Ɗaurin rigar yana da muhimmanci kamar yadinta. Kowane harbi yana tura bindiga baya, rigar kuma ta zame gaba kaɗan. In ta zarce bakin salansa, wutar harbi ko harsashin kansa zai yayyaga ta. Shi ya sa ake tsuke ta da igiya mai jure wuta, wani lokaci a ƙulla ta a bayan salansar.

Iyakar amfaninta

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar cewa riga tana sanyaya salansa. Aikinta irin na kular abinci ne: tana tsare zafin a ciki kada ya fito. Wajenta yana da daɗin taɓawa, iskar da ke sama da ita ba ta rawa, amma ƙarfen da ke ciki ya fi yadda zai kasance tsirara zafi, kuma ya fi daɗewa bai huce ba. Ga maharbin da zai yi harbi uku ko huɗu, ko ɗan gasa mai harbi a tsanake, wannan ciniki ne mai riba. Ga mai harbi da yawa a jere, riga tana gaggauta cinyewar ƙarfe, ita kanta ta fara hayaƙi. Masu gogewa sukan ja ta baya a kan bututun bindigar tsakanin zagayen harbi da na gaba, su buɗe bayan bindigar, su jingine ta baki sama domin iska ta bi ta ciki kamar bututun hayaƙi. Tsoma ƙarfe mai tsananin zafi a ruwa kuwa yana iya lanƙwasa shi ko ya tsaga waldarsa.

Yanayin wuri yana shiga lissafin. A Sakkwato, inda zafin bazara daga Maris zuwa Mayu ke wuce digiri 40, baƙin ƙarfen da aka bari a rana ya riga ya yi zafin ƙuna kafin a taɓa kunama, kuma hucewarsa tana ɗaukar lokaci. Ƙurar hunturu tana shiga saƙar yadin ta riƙa goge fenti. Da damina rigar tana riƙe laima, in ba a cire ta an shanya ba ƙarfe ya yi tsatsa a ƙarƙashinta.

Matsayin doka

Ƙasashe sun bambanta ƙwarai. Amurka ta sa salansa ƙarƙashin rajistar gwamnatin tarayya tun dokar 1934, wadda a wancan lokacin ta ɗora mata harajin dala 200. A Finlan da Norwe da Ingila maharba masu lasisi suna amfani da ita a matsayin kariyar kunne. A Nijeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta ɗora mallakar bindiga a kan lasisi, ta kuma hana farar hula bindigogin yaƙi sai da izinin Shugaban Ƙasa. Bindigar toka ta maharban karkara, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, ba a ƙera ta don ɗaukar salansa ba, don haka yawancin mutanen yankin a hotunan dakaru na musamman kawai suke ganin wannan na'ura da rigarta.