Ruwa, gobara da satar yara: amsoshin tambayoyin iyaye a Zariya

Gidanmu a cikin birni yake, nesa da kogunan Kubanni da Galma. Me ya haɗa 'ya'yana da nutsewa?

Bokitin wanki ya haɗa su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen 300,000 ruwa ya ci a duniya a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne da ba su kai shekara biyar ba. Yaro mai tatata kansa ya rinjayi jikinsa. Ya dafa bakin bokiti ya leƙa, sai ya kife a ciki da ka, ƙafafu a sama, kuma ba shi da ƙarfin ɗagowa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ba ya kuka, ba ya ihu. Uwa tana kicin tana tuƙa tuwo, taku kaɗan ne tsakaninsu, ba ta ji komai ba.

Don haka in an gama wanki a zubar da ruwan, a kife baho. Durom da randa a rufe su da abu mai nauyi. Rijiya kuwa, fallen kwanon da ya yi tsatsa aka danne da dutse ba murfi ba ne. A ɗaga bakinta da bulo, a sa murfin ƙarfe da kwaɗo. A kuma leƙa kangon maƙwabta, domin ramin masai da aka haƙa aka bari yakan cika taf da damina.

To ai gidanmu ba ya rabuwa da mutane. Yaro zai ɓace a cikin idanu haka?

Nan ma aka fi yin sake. Ranar suna ko biki, tsakar gida cike da mata, uwa tana zaton yaron yana wurin goggonsa, goggo tana zaton yana ɗakin kaka. Maganin wannan a ambaci suna: "Yaya, ga shi nan a hannunki, zan shiga wanka." Ita ma in za ta tashi ta damƙa shi ga wani da baki. Kuma 'yar shekara bakwai ba mai tsaro ba ce. Tana iya goyo, amma da ƙawayenta sun fara 'yar gala-gala hankalinta ya tafi.

Manyan yaran da ke zuwa wanka rafi fa?

Duka ba ya hana su, sai dai ya koya musu ɓoyewa. Gara a zaunar da su a faɗa musu dalili. A watan Agusta, lokacin da ruwan sama ya fi ƙarfi a Zariya, inda yaro ya saba tsayawa iya gwiwa yana iya shanye babba. Masu ɗiban yashi suna barin ramuka a ƙasan kogi, kududdufin da aka haƙi ƙasar gini kuma gefensa santsi ne, ƙasansa laka mai riƙe ƙafa. A jaddada musu abu ɗaya: in ɗan uwansu yana nutsewa kada su faɗa su kamo shi, domin wanda ruwa ke ci ƙanƙame mai ceto yake yi su tafi tare. Su miƙa sanda, su jefa igiya ko jarka mai murfi, su kwarara ihu. Malaman tsangaya ma su ji wannan, almajiransu ne suka fi zuwa wanki bakin ruwa.

In an ciro yaro ba ya numfashi, a juya shi a matse cikinsa ruwan ya fito?

A'a, ɓata lokaci ne. Iska yake buƙata. A kwantar da shi rigingine, a ɗan ɗaga haɓarsa, a hura masa iska ta baki sau biyar. Sannan a danna tsakiyar ƙirji sau talatin, a hura sau biyu, a yi ta maimaitawa yayin da wani ke neman abin hawa. Ko ya farfaɗo yana wasa a kai shi asibiti, Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ko na koyarwa a Shika, ko wanda ya fi kusa, saboda huhu yana iya rikicewa daga baya.

Me ya sa gobara ta fi yawa da hunturu?

Komai a bushe yake, ga iska, ga kaskon garwashi da ake shiga da shi ɗaki. Ƙara da turaren sauro kusa da katifa, kyandir a kan kwali, jarkar fetur a bayan ƙofa, da hita ko dutsen guga da aka manta a jone aka ɗauke wuta, ta dawo tsakar dare. Garwashi da janareta a rufaffen wuri suna kisa ko wuta ba ta tashi ba, domin iskar da suke fitarwa ba ta da wari, mutum barci kawai zai yi ya zarce. In an ji warin gas a buɗe tagogi, kada a taɓa makunnin lantarki. In mai ya kama a kasko a kashe wutar a rufe da murfi, kada a watsa ruwa.

Akwai ɗabi'a guda da nake roƙon iyaye mata su bari: kulle yara a ɗaki a tafi unguwa. Tagoginmu duk da ƙarfe, ƙofa da kwaɗo ta waje. In wuta ta tashi, kafin maƙwabta su samo gatari hayaƙi ya gama aikinsa. Da dare ma makulli ya kwana a wuri ɗaya da kowa ya sani.

Yaro ya ƙone, me za a shafa?

Kada a shafa komai, ba man goge baki, ba ɗanyen ƙwai, ba manja. A yi ta zuba ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, har minti ashirin, a rufe da tsabtataccen ƙyalle a tafi asibiti.

Satar yara kuwa, me iyaye za su iya?

Harin 'yan bindiga, irin wanda aka kai Kwalejin Nuhu Bamalli a watan Yunin 2021, nauyin hukuma ne. Amma akwai satar da ba ta zuwa da bindiga. A 2019 'yan sanda sun gano yara tara da aka sace daga Kano aka kai Anambra. A farkon 2022 kuma aka gano cewa mai makarantar da wata yarinya 'yar shekara biyar ke zuwa a Kano shi ne ya sace ta ya kashe ta. Ke nan "kada ka bi baƙo" bai wadatar ba. A koya wa yaro cewa ko wanda ya sani ne, ba ya bin sa ko'ina sai Mama ko Baba sun faɗa da bakinsu. Makarantar boko da Islamiyya su san mutum nawa ne ke da izinin ɗaukarsa. A rage aike bayan magariba. Yaro ya haddace sunan mahaifinsa, unguwarsu da lambar waya ɗaya. Hotonsa da kayan makaranta, bajo a fili, bai kamata ya hau Facebook ba.

In an nemi yaro an rasa, kada a jira gari ya waye. A duba rijiya da ramukan kusa tukuna, a sanar da mai unguwa, a yi cigiya a lasifikar masallaci, a tura mutum tashoshin mota da hotonsa, a kai rahoto ga 'yan sanda ko a kira 112. Wanda aka zarga kuwa a miƙa shi ga hukuma da ransa. Yana iya zama bai san komai ba, in kuma shi ne, shi kaɗai ya san inda yaron yake.