Ma'anar ɗan dagaji a fagen wasanni

Masu kawo labarin wasanni kan ambaci gasar 'yan dagaji, kuma da yawa daga masu sauraro sukan ɗauka ana nufin 'yan koyo waɗanda ƙafarsu ba ta nuna ba. A tsarin wasanni na duniya kuwa, abin da ya raba ɗan dagaji da ɗan wasan sana'a shi ne kuɗi kaɗai. Ɗan dagaji ba ya karɓar albashi ko ladan wasa, sai dai a mayar masa da abin da ya kashe na mota da masauki, abincinsa kuma yana fitowa ne daga wata sana'ar dabam. Yana iya fin mai albashi iya taka leda, amma hakan bai canza matsayinsa ba.

Rayuwar Dakta Kevin O'Flanagan, mutumin Ailan da aka haifa a Dublin a 1919, ta isa ta fayyace wannan. Ya tashi a ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Bohemians da ke Dublin, wadda ita kanta ba ta fara biyan 'yan wasanta ba sai a 1969, kuma tun a 1937 ya fara buga wa ƙasarsa ƙwallon ƙafa. A daidai lokacin da yake karatun likita, ya zama zakaran Ailan a tseren gajeren zango da kuma dogon tsalle, sannan ya wakilci ƙasar a wasan zari-ruga. Da ya kammala karatu a 1945 ya koma Landan yana duba marasa lafiya, a ƙarshen mako kuma ya sa rigar Arsenal ya shiga fili tare da masu albashi ba tare da ya sa hannu a kwantiragin kuɗi ba. Ƙanensa Mick ma ya buga wa Ailan ƙwallon ƙafa da zari-ruga, har suka fito tare a karawar ƙwallon ƙafa da aka yi da Ingila a Dublin a 1946.

A nan ne ake ganin amfanin tsarin. Ƙungiyar da ke biyan ɗan wasa ba za ta yarda ya je zari-ruga ya karye ba, domin jikinsa jarinta ne. Wanda ba a biya kuwa shi ke da iko da jikinsa da lokacinsa, shi ya sa a wancan zamani ake samun mutum guda ya yi fice a wasanni uku ko huɗu. Akwai kuma dokar guje-guje a lokacin, wadda ta haramta shiga ga duk wanda ya taɓa karɓar kuɗin wasa, don haka da O'Flanagan ya karɓi albashin ƙwallo, da ƙofar nan ta rufu masa.

Sai dai a ganina bai kamata a yabi tsarin a manta da wanda ya cutar ba. Likita yana iya yin wasa kyauta, amma leburan da zai rasa ladan yini idan ya tafi wasa ba zai iya ba, kuma wannan matsin ne ya sa hukumar ƙwallon Ingila ta halatta biyan 'yan wasa tun a 1885. Sannu a hankali katangar ta rushe: Ingila ta soke bambancin a 1974, zari-ruga kuma ta amince da albashi a 1995.

Inda kalmar take da cikakken rai har yau shi ne Ailan ɗin. Hukumar GAA, wadda aka kafa a 1884 don kula da wasannin gargajiyar ƙasar, ba ta biyan 'yan wasanta albashi, alhali wasan ƙarshe yakan cika filin Croke Park mai ɗaukar mutum fiye da 82,000. Malamin makaranta ko manomi ko ɗan sanda yakan buga a gaban wannan taro, sannan ya koma bakin aikinsa, ko da yake 'yan wasan sun daɗe suna kokawa cewa atisayen da ake nema daga gare su ya kai na masu albashi.