Sufuri a Bolibiya: tambayoyi da amsoshi

Me ya sa zirga-zirga ke da wuya a Bolibiya?

Ƙasar, wadda ke Kudancin Amurka, kashi biyu ce. A yamma akwai tsaunukan Andes, inda biranen La Paz da El Alto suke, a gabas kuma filaye ne masu zafi, wajen Santa Cruz. Haɗa su da hanya jan aiki ne. Ga kuma rashin teku.

Tun asali ba ta da teku?

A'a. Yaƙin da ya ɓarke a 1879, inda Chile ta fafata da Bolibiya da Peru, shi ya raba ta da gaɓarta, yarjejeniyar 1904 kuma ta tabbatar da hakan. Chile ta gina mata layin dogo daga tashar jiragen ruwa ta Arica da ke Chile zuwa La Paz, aka gama a 1913. Har gobe kaya da yawa ta Arica suke shigowa, kuma ɗan kasuwar Maraɗi da ke jiran kayansa daga Kwatano ya san irin wannan ciwon. A 2018 Kotun Duniya ta yanke cewa ba dole ba ne Chile ta tattauna batun mayar mata da hanyar teku.

Jirgin ƙasa fa?

Layuka biyu ne, na yamma da na gabas, kuma ba su haɗu a cikin ƙasar ba. Na gabas ya fi sanin hanyar Brazil da Ajantina a kan ta La Paz. Shi ya sa manyan motoci ne ke ɗaukar kaya tsakanin ɓangarorin biyu.

Da gaske akwai "Hanyar Mutuwa"?

Akwai. Tsohuwar hanyar Yungas ce, daga La Paz zuwa Coroico, wadda fursunoni 'yan Paraguay, da aka kama a yaƙin Bolibiya da ƙasarsu, suka yi aikin wani sashenta a shekarun 1930. Siririya ce, gefe ɗaya dutse, ɗaya gefen rami mai zurfi, ga hazo. A nan direba hannun hagu yake bi, saɓanin sauran ƙasar, domin mai gangarowa ya leƙa ta taga ya ga inda tayarsa ta tsaya a bakin ramin. An buɗe sabuwar hanya a 2006, tsohuwar kuma yanzu galibi 'yan yawon buɗe ido ne ke gangara ta a kan keke.

To a cikin La Paz yaya ake yi?

A nan ne, a ganina, suka yi abin a yaba. El Alto na can sama, kimanin mita 4,000 daga matakin teku, La Paz kuma na cikin kwari a ƙasa. Maimakon a yi ta faɗaɗa titi a jikin dutse, sai aka rataya ƙananan motoci a kan wayar ƙarfe, ana kiransu Mi Teleférico. Kamfanin Doppelmayr na Ostiriya ne ya gina su, suka fara ɗaukar fasinja a 2014, yanzu layi 10 ne. Kowace mota mutum 10 take ɗauka. 'Yar kasuwa ta shiga da ƙunshin kayanta a goye, ta wuce ta saman rufin gidaje da cunkoson ƙananan bas, ta sauka kusa da tsakiyar gari.