Tsohuwar Jitar da Ka Gada: Wace Iri Ce, Kuma Nawa Za Ta Yi?

Akan yi rasuwa, a zo kwashe kayan mamaci, sai a tarar da tsohuwar jita ta katako, irin wadda ba a jona mata wuta, ta sha ƙura a saman kabad. Wani ya ce tarkace ne a ba yara, wani ya ce kayan tarihi ne mai miliyoyi. Sau da yawa duk su biyun ba su canka ba.

Me zan fara yi?

Ka kame hannunka. Kada ka goge ta da kananzir ko fetur, kada ka shafa mata mai, kuma ko da wasa kada ka kai wa kafinta ya goge ya sake mata fenti. Kada ka ɗaure tsirkiyoyin don jin amonta: tsirkiyar ƙarfe shida idan an ɗaure su daidai suna jan nauyin kusan kilo 70, kuma gam ɗin da ya shekara hamsin yana iya saki, jakin da ke riƙe da su ya ɓalle har da fuskar jitar. Ka sassauta su, ka share ƙura da busasshen ƙyalle mai laushi, sannan ka ɗauki hotunanta gaba da baya, da kai, da ciki.

A ina zan ga sunan kamfani da shekarar da aka yi ta?

Wuri uku ake dubawa: kan jitar inda ake murɗa tsirkiya, takardar da ake mannawa a ciki daura da ramin tsakiya, da ɗan guntun katakon da ke ciki inda wuya ya haɗu da jiki. Sai da tocila ake ganin na ukun.

Kamfanin Martin na Amurka, wanda aka kafa a 1833 kuma yake garin Nazareth a jihar Pennsylvania, shi ne mafi sauƙin sha'ani. Tun 1898 lambobinsa a jere suke tafiya, ana buga su a jikin wancan guntun katako, kuma kamfanin ya wallafa lambar ƙarshe ta kowace shekara. Ta 1969, alal misali, ita ce 256003. Daga wajajen 1930 aka fara buga samfurin ma, kamar D-18 ko D-28.

Kamfanin Gibson na Amurka kuwa akwai ciwon kai. Daga 1977 lambarsu ta koma mai alƙaluma takwas, na farko da na biyar su ne shekarar. Amma a shekarun 1960 sun maimaita lambobi, har a sami jita biyu masu lamba ɗaya. A nan sai masani ya dubi salon rubutun sunan da siffar jaki. Yamaha ma lambobinta na dā suna dawowa duk bayan shekara goma, shi ya sa ake duba launin takardar ciki. Jerin FG ya fara a 1966, kuma masu jar takarda da aka rubuta Nippon Gakki, wato ƙirar Japan kafin a mayar da aikin Taiwan a farkon shekarun 1970, su ne ake rububi.

Idan na ga Gibson ko Martin a rubuce, magana ta ƙare?

Ina! Jabu sun cika kasuwa, musamman na Gibson. Akwai kuma kamfanonin Japan da suka kwaikwayi ƙirar Amurka a shekarun 1970, har salon rubutun suna, wanda sai ka ƙura ido za ka ga wani suna ne dabam. Waɗannan ba jabu ba ne, wasunsu ma jita ce mai kyau, amma kuɗinsu bai kama ƙafar na asali ba. Ka leƙa ciki da ƙaramin madubi: aikin gaske tsaf yake, ba dabbaren gam. Ka kuma dubi gefen ramin tsakiya. Idan zanen itacen ya zarce daga sama har ƙasa, fuskar katako ɗaya ce sukutum. Idan ka ga falle-falle an manna bisa juna, ta masu ƙaramin ƙarfi ce.

Ai tunda ta tsufa dole ta yi tsada?

Wannan zaton ne ya fi ɓata wa magada rai. Kamfanin Harmony na Chicago ya ƙera jita ba iyaka, ana sayar da su da araha, kafin ya rufe a 1975. Haka Kay, da Eko ta Italiya, da Egmond ta Holan, da Gallotone ta Afirka ta Kudu. Abin da aka yi da yawa, ko ya shekara sittin, kuɗinsa kaɗan ne. A ganina, mafi yawan jitar da za a tsinta a ɗakin tsoho daga wannan sahun take.

Abin da ke kawo tsada shi ne ƙaranci da zamanin da aka yi ta. Martin D-45 guda 91 kacal aka ƙera tsakanin 1933 da 1942, shi ya sa kuɗinta ya kai na gida. D-28 da aka yi kafin ƙarshen 1969 ta fi wadda ta biyo baya daraja nesa ba kusa ba, domin a lokacin ne kamfanin ya bar itacen rozwud na Brazil ya koma na Indiya. Gibson J-45, da ta fito a 1942, na shekarun Yaƙin Duniya na Biyu su ne sarauta.

Labarin jitar mawaƙin Amurka Kurt Cobain, Martin D-18E ta 1959 da aka yi gwanjonta kan dala miliyan 6 a 2020, kada ya ruɗe ka. Sunan mai ita aka saya.

Me ke karya mata kuɗi?

Sabon fenti shi ne kan gaba. Dillalai sukan zabge kusan rabin kuɗin saboda shi kaɗai. Ƙarzuwa da dushewar sheƙi ba aibi ba ne a wajen masu tara irin wannan kaya. Sai karayar wuya, da canza jaki ko maɗauran tsirkiya, da huda jiki don saka na'urar ƙara sauti. Tsagewar da gwani ya ɗinke da kyau ba ta rage da yawa. Idan akwai akwatinta na asali, ko rasit, ko hoton marigayin yana riƙe da ita, ka adana su tare.

A ina zan ga farashi na gaskiya?

A shafukan saye da sayarwa na intanet, Reverb da eBay, ka nemi waɗanda aka riga aka sayar, masu samfuri da shekara irin taka. Kuɗin da mai kaya ya rubuta buri ne kawai. Idan alamu sun nuna mai daraja ce, shaguna irin su Gruhn Guitars da ke Nashville suna yin ƙima a rubuce ta hotuna, ana biyan su ladan aiki. Wanda zai saya ba shi ya kamata ya yi maka ƙima ba. In akwai sauran magada, wannan takardar ce za ta raba gardama ranar rabo, musamman idan ɗaya yana so ya riƙe jitar a cire daga kasonsa. A tuna kuma dillali zai saya ƙasa da farashin kasuwa, don shi ma riba yake nema.

Zan iya aika ta ƙasar waje a sayar?

Ya danganta da itacen. Rozwud na Brazil yana ƙarƙashin tsauraran dokokin yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa, mai kare itatuwa da dabbobin da ke neman ƙarewa, tun 1992, don haka sai da takardar izini jitar za ta ƙetare iyaka, in ba haka ba kwastan na iya ƙwace ta. Haka wadda aka yi wa ado da hauren giwa ko ƙoƙon kunkurun teku. Sauran nau'o'in rozwud an sassauta wa kayan kiɗa a 2019.

Kafin a yanke shawara, yaya zan ajiye ta?

A cikin akwatinta, a ɗaki, nesa da rana da bango mai danshi da gara. Masu ƙera jita suna so laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Hunturu a Kano ko Damagaram yana saukar da ita ƙasa da haka sosai, kuma a lokacin ne fuskar jita ke tsagewa. Ka jiƙa ɗan soso, ka matse shi sosai, ka sa a robar sabulu mai huji, ka ajiye cikin akwatin ba tare da ya taɓa katakon ba. Da damina ta kama sai ka cire shi.