Masu tambayata bayan turnuwa na eshek, ga amsoshinku

Duk turnuwa, wato gasar eshek (chess), da aka gama a nan Yamai sai WhatsApp ɗina ya cika da tambayoyi iri ɗaya. Ku karanta nan, don Allah kar a sake turo mini.

Malam, in zuba wasan cikin Stockfish, injin nan mai nazarin wasa, kawai?

A'a. Jera shi kan allo da hannunka tukuna, ka tuna abin da kake nufi a kowane taku. Daga baya ka buɗe Lichess, shafin eshek na intanet, kyauta ne.

Ban rubuta wasan ba fa.

To mi za mu duba? A wasa mai tsawo dokar FIDE, hukumar eshek ta duniya, ce ma ka rubuta. Ku da kuke dunƙule takardar ku jefar a bakin ƙofa saboda haushi, ku daina.

Ina da baƙi, aka yi e4 e5, Cf3 Cc6, Fc4 Cf6, sai ya kawo doki g5. Na yi d5 ya ci, in rama da doki ko?

Wannan ita ce tambaya. (Ga sababbi: C doki ne, F fu ne wato bishop, x ci ne, harafi da lamba kuwa sunan gida ne a kan allo.) In ka yi Cxd5 zai ba da dokinsa a f7, sarkinka ya ci, sarauniyarsa ta zo f3 da eshek, wato barazana ga sarkinka, dole ka fito e6 in kana son tsare dokinka, ga sarki tsakiyar fili kowa na harbi. Ban ce an ci ka nan take ba, wanda ya haddace layin yana iya tsira, amma kai da agogo ke cin ka ban ba ka shawara ba. Abin da manya suka fi yi Ca5 ne: Fb5 eshek, c6, a yi musaya, ka rasa piyon (ƙaramin soja) ɗaya amma kayanka su fita da wuri, ka kori dokin da h6. Sai dai fa in kai mai tsoron rashin piyon ne, hannunka na rawa, wannan ma ba zai yi maka daɗi ba, ya danganta da halinka. Ko kuma tun taku na 3 ka yi Fc5, in ya kawo doki g5 sarauniyarka ta ɗauke shi a banza.

Injin ya nuna +0.4, buɗina ya lalace kenan?

Kwantar da hankalinka ƙanena, fifikon fari ne da bai kai rabin piyon ba. Duba can gaba inda ka bar tur ɗinka (rook) ba mai tsaro.

In koma Sisiliyen?

Sisiliyen, wato amsa e4 da c5, ba ta hana mutum kyautar da tur. Zauna inda kake.